Ɗalibi Marar Takarda: Waiwaye a kan Tarihin Shaidar Asali a Garin Jos

Gabatarwa

A kowace shekara, idan lokacin neman shiga manyan makarantu ya zo, akwai takardun da ake bukatar ɗalibi ya gabatar kafin a saurare shi. Akwai sakamakon jarrabawar kammala sakandare, da na hukumar JAMB, da takardar haihuwa, sannan da takardar shaidar asali wadda ƙaramar hukuma ke bayarwa. Biyun farko yaro yana samunsu da guminsa, ta uku kuma asibiti ko hukumar ƙidaya ke shaida masa. Ta huɗun kuwa ƙwazo ba ya samar da ita, domin a kan kakan yaro take magana. Tambayar da take amsawa ita ce: daga wace ƙasa kakanninka suka fito, kuma wa ya yarda da hakan?

Ga mafi yawan ɗaliban Nijeriya wannan tambaya ba ta da wuyar amsawa. Mai unguwa ya san gidansu, dagaci ya sa hannu, hakimi ya tabbatar, shugaban ƙaramar hukuma ya buga hatimi. Amma a garin Jos akwai yara masu ɗimbin yawa waɗanda a nan aka yanke musu cibi, a nan aka haifi iyayensu, a nan aka binne kakanninsu, duk da haka babu ƙaramar hukumar da za ta amsa cewa nata ne. A gida ana ce musu baƙi. A garuruwan da ake cewa su koma kuwa ba wanda ya san su.

Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda aka yi aka zo nan, da irin fafutukar da aka yi a kan lamarin, sannan ta kwatanta da gwagwarmayar ɗaliban da ba su da takardun zama a ƙasar Amurka. Abin da muke son nunawa shi ne, an daɗe ana cuɗa maganar karatun yaro da maganar mallakar gari, kuma muddin ba a raba su ba, yaron ne zai ci gaba da biyan bashin da bai ci ba.

Kuza ce ta tara jama'a

Tun kafin zuwan Turawa, tsaunukan nan suna da masu su. Birom da Anaguta da Afizere, waɗanda Hausawa ke kira Jarawa, suna noman acca a kan tudun, suna da sarautunsu da wuraren tsafinsu. A ƙarni na 19 Masarautar Bauci ta yi ta kai hare-hare gefen tsaunin, ta ƙulla amana da wasu al'ummomi, amma ba ta iya mallake tsakiyarsa ba. Wannan tarihi na tsayin daka yana nan daram a zukatan jikokinsu, kuma duk wanda ya manta da shi ba zai fahimci abin da ya biyo baya ba. A ɗaya gefen kuma, maƙeran Riruwai ta ƙasar Kano sun daɗe suna narka kuza suna sayar wa fatake. Ganin wannan haja a kasuwanni ne ya sa Kamfanin Neja ya turo mutanensa neman tushenta. Tsakanin 1902 da 1904 suka iso, H. W. Laws ya kafa sansani a Naraguta, aka fara haƙa.

Aikin kuza yana cin lebura da yawa, manoman tsaunin kuma da farko ba su ga dalilin barin gonakinsu ba. Saboda haka sai aka buɗe ƙofa ga duk mai ƙarfin ɗaukar kwano. Mutane suka kwararo daga Kano da Zariya da Bauci da Katsina da Barno, har da na ƙasashen da Faransa ke mulki, wato Nijar da Cadi. Daga Kudu kuma Yarbawa da Ibo da Urhobo suka zo a matsayin akawu da masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, a 1915 aka ba Jos matsayin gari a hukumance, a 1926 aka ƙirƙiro Lardin Filato, a 1927 kuma layin dogo na Gabas ya iso ta Kafancan. Da Japan ta kame Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuzarta, sai aka shiga kwaso mutane ala tilas daga lardunan Arewa zuwa ramukan Filato har zuwa 1944. Da yawa sanyi da cuta suka kashe. Wasu sun koma gida, wasu kuma sun zauna sun yi aure sun hayayyafa. Ke nan a cikin waɗanda ake kira baƙi a yau akwai jikokin mutanen da ba da son ransu aka kawo su ba.

Su ma 'yan ƙasa sun biya nasu farashin. An karɓe gonakinsu an ba kamfanoni, aka bar musu kududdufai da tarin ƙasa da ba ta nomuwa, waɗanda har yau muke gani a hanyar Bukuru da Barikin Ladi. Sun kuma ga Turawa sun damƙa ragamar garin 'yan ƙasa a hannun shugabannin Hausawa. Jasawa suna lissafa jerin waɗannan shugabanni a matsayin sarakunan Jos, su kuwa 'yan ƙasa suna cewa shugabannin baƙi ne kurum. A 1947 Turawa suka naɗa Rwang Pam sarkin Birom, sarautar da ta bunƙasa ta zama ta Gbong Gwom Jos. Hatta sunan garin bai tsira daga jayayya ba, domin kowane ɓangare yana da nasa bayani a kan inda kalmar Jos ta samo asali.

Duk da haka, an zauna tare shekaru aru-aru. Hausa ta zama harshen kasuwa da na coci da na masallaci. Garin ya haifi mutanen da duniya ta san shi ta dalilinsu. Alhaji Adamu Ɗanmaraya, wanda ya tashi a Bukuru ya rasu a 2015, ya ɗauki sunan Jos ya liƙa wa kuntiginsa ya zaga duniya da shi. Mikel Obi da Ahmed Musa, waɗanda kowannensu ya riƙe kyaftin na 'yan ƙwallon Nijeriya, duk a Jos aka haife su.

Yadda takarda ta samu gindin zama

Takardar shaidar asali ba a Jos aka ƙirƙiro ta ba, kuma ba don cutar da wani aka fara tunaninta ba. Tushenta yana cikin mulkin En'e, wanda ya bambanta ɗan ƙasa da baƙo ta fuskar haraji da shari'a da wurin zama. Da aka ƙarfafa jihohin nan uku a 1954, gwamnatin Sardauna ta rungumi manufar fifita 'yan Arewa wajen ɗaukar aiki, saboda tsoron kada mutanen Kudu, waɗanda suka riga mu nisa a ilmin boko, su cike dukkan guraben. A wancan lokaci Bahaushe da Babirome da Batibi duk sunansu ɗaya, wato ɗan Arewa. Ya kamata mu tuna cewa mu ma mun ci moriyar wannan katanga lokacin da take kāre mu.

Sai dai katanga idan aka fara gina ta ba ta tsayawa wuri guda. A 1967 aka raba ƙasa jihohi goma sha biyu, Jos ta zama hedikwatar Jihar Binuwai da Filato ƙarƙashin Joseph Gomwalk. A 1976 aka fitar da Jihar Filato, a 1996 kuma aka cire Nasarawa daga cikinta. Duk lokacin da aka yanka sabuwar jiha, sai wasu da jiya 'yan gida ne su wayi gari baƙi ba tare da sun gusa ko taku ɗaya ba.

Tsarin mulkin 1979 ne ya shigar da manufar raba daidai cikin doka, wato a tabbatar kowane sashe na ƙasa yana da wakilci a gwamnatin tarayya. Na 1999 ya gaje ta a sashe na 14. Sashe na 147 ya wajabta wa Shugaban Ƙasa ya naɗa aƙalla minista ɗaya daga kowace jiha, kuma ya kasance ɗan asalin jihar. Abin mamaki, kundin bai fayyace wane ne ɗan asali ba. Hukumar Raba Daidai ta Tarayya, wadda aka kafa da doka a 1996, ta ce ɗan asalin ƙaramar hukuma shi ne wanda iyayensa ko kakanninsa 'yan asalinta ne, ko kuma wanda ƙaramar hukumar ta amince da shi. A taƙaice, an bar wuƙa da nama a hannun shugaban ƙaramar hukuma.

Haka kuma kundin yana tufka yana warwara. Sashe na 42 ya haramta nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa ko wurin asalinsa ko addininsa. Sashe na 15 ya ɗora wa gwamnati nauyin tabbatar wa kowa cikakken 'yancin zama a ko'ina cikin tarayya. Amma wannan sashe na 15 yana cikin babi na biyu, wanda kundin da kansa ya hana a kai ƙara kotu a kansa. Saboda haka alkawarin yana nan a rubuce, hanyar neman cikarsa kuwa a toshe.

Jos ta Arewa

A 1987 aka kafa Ƙungiyar Ci Gaban Jasawa, wadda ta zama muryar Hausawa da Fulani da sauran Musulmin da suka ɗauki Jos gida. Sunan kansa da'awa ce, domin kamar yadda ake cewa Kanawa da Katsinawa haka suka ce Jasawa. A 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta raba ƙaramar hukumar Jos gida biyu, ta Arewa da ta Kudu. Jasawa suka ga an ba su wurin da suke da rinjayen ƙuri'a. 'Yan ƙasa kuwa suka ga an yanke musu zuciyar garinsu, inda fadar sarkinsu da babbar kasuwa suke, an miƙa wa wasu. Zaɓen farko ya ba Sama'ila Muhammad shugabanci, kuma a zamaninsa Jasawa sun samu takardar shaidar asali.

Ranar 12 ga Afrilu 1994 rikici ya ɓarke a kan naɗin Alhaji Aminu Mato shugaban riƙon ƙaramar hukumar. Kwamitin bincike na Mai Shari'a Fiberesima ya yanke cewa ɗan asalin Jos shi ne wanda kakanninsa suke nan tun zamanin da ba mai iya tunawa, wato Birom da Anaguta da Afizere. Bayan zaɓen 1999, shugabancin Frank Tardy ya dakatar da ba Jasawa takardar. Ranar Juma'a 7 ga Satumba 2001, bayan makonni ana zaman ɗarɗar a kan naɗin Alhaji Mukhtar Muhammad jami'in shirin yaƙi da talauci na ƙaramar hukumar, garin ya kama da wuta. Cikin kwana shida aka rasa rayuka kimanin 1,000. A Fabrairun 2002 babbar kasuwar Taminus ta ƙone. A Mayun 2004, bayan kashe-kashen Yalwan Shandam, Shugaba Obasanjo ya kafa dokar ta-ɓaci ya naɗa Janar Chris Alli kantoma. Taron zaman lafiya da aka yi a wannan shekara ya sake tabbatar da cewa ƙabilun nan uku su ne 'yan asali, wakilan Jasawa kuma suka ƙi sa hannu. A ƙarshen Nuwamban 2008 zaɓen ƙaramar hukuma ya sake jawo asarar ɗaruruwan rayuka. A 2010 aka yi ta'asar Kuru Karama a Janairu, da ta Dogo Nahawa a Maris. Babu ɓangaren da bai binne 'ya'yansa ba.

Idan muka duba waɗannan shekaru da kyau za mu ga abu guda. Kowane tashin hankali a kan kujera ya faro: wa zai zama shugaba, wa zai riƙe muƙami, wa ke da gari. Kwamitocin bincike, daga na Fiberesima zuwa na Niki Tobi zuwa na Bola Ajibola, duk tambayar mallaka ce ta fi cin lokacinsu. Yarinyar da ta ci jarrabawa ta rasa gurbi ba ta da kujera a teburin.

Halin da ɗalibi ke ciki

Ƙa'idar shiga jami'o'in tarayya ta ware kashi 45 cikin ɗari ga cancanta zalla, kashi 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 kuma ga jihohin da aka bari a baya a fannin ilmi. Wato fiye da rabin guraben sun rataya ne a kan jihar da ɗalibi ya fito, jiha kuwa takarda ce ke tabbatar da ita. Tallafin karatu na jiha sai da ita. A manyan makarantun jihohi da dama, kuɗin da baƙo ke biya ya fi na ɗan gida. Shiga makarantar horar da hafsoshin soja, da aikin ɗan sanda, da aikin gwamnatin tarayya, duk sai da ita. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta tattara irin waɗannan bayanai daga Jos da wasu garuruwa a rahoton da ta fitar a 2006.

Hanyoyi uku suka rage wa irin wannan ɗalibi. Ko dai ya yi ƙoƙari ya faɗa cikin kason cancanta ya kuma nemi mai biya masa, ko ya haƙura da karatun ya kama sana'a, ko kuma mahaifinsa ya shiga mota ya nufi Bauci ko Kano ko Katsina, ya nemi wani mai hanya ya samo masa takardar garin da yaron bai taɓa kwana ba. Wannan hanya ta uku ita ce ta fi yawa, kuma ita ce ta fi ɓarna. Yaro ya fara rayuwar ilmi da rantsuwar da ya san ba gaskiya ba ce. Ya tare gurbin wani yaron can. Sannan takardar ta zama hujja a hannun masu cewa ai ga shi da ma yana da garinsu. Wanda kakansa ya fito daga Damagaram ko Maraɗi ko ƙasar Cadi a zamanin kuza kuwa, ko wannan ƙofa ba lallai ta buɗe masa ba, domin babu wata ƙaramar hukuma a Nijeriya da zai nuna ya ce daga nan muke.

Fafutukar da aka yi a gida

Ba a zauna an naɗe hannu ba. Ta fuskar shari'a, akwai darasi a ƙarar Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar Jihar Barno, wanda gwamnatin tarayya ta kora zuwa Cadi a Janairun 1980 bisa zargin ba ɗan ƙasa ba ne. Babbar kotu a Maiduguri ta mayar masa da 'yancinsa. Amma da magana ta zo kan ɗalibai sai labari ya sha bamban. A 1988 aka shigar da ƙara a madadin wata yarinya, Adeyinka Badejo, wadda ta rasa damar shiga makarantar sakandaren tarayya saboda makin da aka yanka wa jihar asalinta ya fi na wasu jihohi. Sai a 1996 Kotun Ƙoli ta rufe shari'ar, ba tare da an warware ainihin tambayar ba, alhali lokacin ɗaukar ɗaliban ya wuce da shekaru.

Ta fuskar doka kuma, kwamitin tsara makomar siyasa na S. J. Cookey ya ba da shawara a 1987 cewa duk wanda ya zauna shekara goma a wuri ya samu cikakken haƙƙi a nan. A 2004 wasu sanatoci suka gabatar da ƙudurin haƙƙin mazauna, bai kai labari ba. Taron ƙasa na 2014 ya sake taɓo batun. A Kaduna, gwamnatin Malam Nasiru el-Rufa'i, wadda ta yi mulki daga 2015 zuwa 2023, ta sanar da cewa zama a jihar ne ma'auninta. A 2025 mataimakin kakakin Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu, ya kawo ƙudurin ba da shaidar asali ta hanyar haihuwa ko daɗewar zama ko aure, amma suka ta yi yawa har ya janye shi. Dalilin faɗuwar waɗannan yunƙuri kusan ɗaya ne. Duk lokacin da aka ce a ba mazauni matsayin ɗan asali, ƙananan ƙabilu sukan ji cewa ƙasar gadonsu da sarautarsu ake shirin rabawa. Wannan tsoro ba na banza ba ne ga mutanen da suka taɓa ganin an karɓe gonakinsu da takardar Bature.

Darasi daga Amurka

A Amurka akwai miliyoyin mutanen da suka shiga ƙasar ba da izini ba, akasarinsu daga Meziko da ƙasashen da ke kudu da ita, da yawa kuma da goyo suka shiga. A 1975 Jihar Texas ta yi dokar da ta ba makarantu damar korar irin waɗannan yara, har wata gunduma ta sa musu kuɗin makaranta dala 1,000 a shekara. A 1982, a shari'ar Plyler da Doe, alƙalai biyar cikin tara na Kotun Ƙoli suka soke dokar. Hujjarsu ita ce ba a hukunta yaro a kan abin da iyayensa suka aikata, kuma ƙasar da ta bar wani sashe na yaranta cikin jahilci kanta ta cuta.

Wannan hukunci ya tsaya ne a firamare da sakandare. Don haka a 2001 sanatoci biyu daga jam'iyyu masu hamayya da juna, Orrin Hatch da Dick Durbin, suka gabatar da ƙudurin da aka sani da DREAM, wanda zai ba waɗanda aka shigo da su suna yara hanyar samun izinin zama. Shekaru suka yi ta wucewa ba a zartar ba. Daga nan sai ɗaliban suka karɓi ragamar da kansu. A 2010 huɗu daga cikinsu suka taka da ƙafa daga Miami zuwa Washington, tafiyar wata huɗu. Wasu suka riƙa tsayawa a bainar jama'a suna faɗin sunayensu da halin da suke ciki, alhali sun san ana iya kama su a kore su. A Disamban wannan shekara Majalisar Wakilai ta amince da ƙudurin, amma a Majalisar Dattawa ya samu ƙuri'a 55, alhali 60 ake bukata. A Yunin 2012 Shugaba Obama ya fito da shirin DACA, wanda ya dakatar da korarsu ya kuma ba su izinin aiki na shekara biyu biyu. Sama da mutum 800,000 suka amfana. Gwamnatin Trump ta nemi soke shirin a 2017, Kotun Ƙoli ta taka mata birki a 2020, a 2021 kuma wata kotu a Texas ta hana karɓar sababbin masu nema.

Ba mu kawo wannan labari don mu ce sun gama cin nasara ba, domin ƙudurin nan na 2001 bai zama doka ba. Kuma akwai bambanci babba, tun da su ba 'yan ƙasa ba ne a idon doka, namu kuwa 'yan ƙasa ne masu fasfo da katin zaɓe, masu biyan haraji da yi wa ƙasa hidima. Abin ɗauka shi ne dabarar. Na farko, ɗaliban ne suka yi magana da bakinsu. Na biyu, sun taƙaita bukatarsu a kan karatu da aiki, suka raba ta da babbar muhawarar kan iyaka. Na uku, sun nemi abokan tafiya a wajen danginsu, cikin malaman jami'a da shugabannin addini da 'yan kasuwa, har da 'yan jam'iyyar da ba a zaci za ta saurare su ba.

Kammalawa

Abubuwa uku ne aka ɗaure cikin takarda guda: ƙasar gado da sarauta, da kujerun siyasa, da kuma karatun yara. Na farko haƙƙi ne na tarihi, kuma ba ma ganin hikima a ce wa Birom ko Anaguta ko Afizere su sallama shi. Na biyu ƙuri'a da sulhu ne za su yi ta daidaita shi. Na ukun kuwa ba shi da dalilin jiran waɗancan. Ana iya samar da takardar shaidar zama wadda za ta dogara a kan abin da ake iya tabbatarwa, wato rajistar haihuwa da ta firamare da sakandare da shaidar harajin iyaye, a kuma karɓe ta wajen neman gurbi da biyan kuɗin makaranta da tallafin karatu, ba tare da ta ba mai ita ikon neman sarauta ko gonar kowa ba. Akwai wuraren da za a iya kai wannan magana, irin su Hukumar Gina Zaman Lafiya ta Jihar Filato da aka kafa a 2016, da majalisun jami'o'i, da ƙungiyoyin ɗalibai.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma a kanmu yake. Mukan yi alfahari da cewa ƙasar Hausa ba ta ƙin baƙo, muna kafa hujja da Wangarawan da suka zo Kano a zamanin Sarki Yaji, da unguwanni irin su Ayagi da Tudun Nufawa da Zangon Barebari. Gaskiya ne, amma waɗannan sun narke ne ta hanyar harshe da addini. Yaron da aka haifa a Sabon Garin Kano ko na Zariya, ɗan Angas ko Tarok ko Ibo, wanda kakansa ya zo aikin jirgin ƙasa, yana fuskantar irin tambayar da ake yi wa namu a Jos. Idan muka nemi a buɗe ƙofa a nan muka yi shiru a kan wadda ke rufe a can, ba mai ɗaukar maganarmu da muhimmanci. Mun kuma san ɗacin abin, domin Hausawan zango suna cikin waɗanda dokar Busia ta kora daga Gana a 1969, kamar yadda Nijeriya ta kori baƙi sama da miliyan ɗaya a 1983. Masu iya magana sun ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Saboda haka kiranmu ga ɗalibai shi ne su fara da abin da ke hannunsu. A ajin da kuke zaune akwai ɗan Jos mai riƙe da takardar Bauci, akwai kuma ɗan Kano mai riƙe da takardar Pankshin, kowannensu bai san garin da aka rubuta masa ba. Su biyun nan matsalarsu ɗaya ce. Su zauna su rubuta tarihin gidajensu, su tattara shaidar tsofaffin da suka rage daga zamanin kuza kafin ƙasa ta rufe musu ido, su rubuta bukatarsu a takarda ɗaya da sa hannun ɓangarorin biyu, su kai ta inda ya dace. Mu malamai kuma nauyinmu ne mu ba su fili a aji da kuma a shafukan wannan mujalla. Allah ya zaunar da Jos lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga kowane ɓangare.